Irin Kindirmo a Gidan Malam Sada

Da a ce wutar cibiyar horarwar ba ta lalace ranar Juma'a ba, da babu abin da zai kai kwalbar nan gidan Malam Sada. Amma taransifomar unguwar ta rasa ranar da za ta yi bindiga sai ranar, janareto kuma aka yi lallashin duniya ya ƙi tashi. Kafin a sauko daga masallaci firjin ɗakin gwaji ya fara zufa.

Kwas ne ake yi a cibiyar, nan cikin Daura, na masu digiri: masana ƙwayoyin halitta da injiniyoyi. Ana koya musu yadda ake kafa madara da jiƙon dawa da kalwa a manyan tankunan ƙarfe, a bar ƙwayoyin da ido ba ya gani su yi aikin da suka saba yi a ƙwaryar nono, amma da awo da tsafta. An haɗa ɗaliban bibbiyu, kuma ranar Litinin ce jarrabawar ƙarshe, inda kowane biyu za su kafa kindirmo tanki guda. Wanda ya ci, Dakta Kubura mai koyar da su ta sa masa hannu a takardar shaida, kuma da takardar ce sabon kamfanin madara da aka gina a hanyar Zango zai ɗauki ma'aikata.

Zinariya tana son takardar nan kamar ranta. Ta daɗe da gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana taya mahaifiyarta ƙulla zoɓo a leda. Ta gaji da matan biki masu tambayarta ya neman aiki, suna yi suna kallon yatsunta da zoɓo ya rina.

Abokin aikinta Jafaru ne, injiniya mutumin Baure, mai baki kamar rediyo. Tanki da bututu da awon zafi nasa ne. Ita kuwa iri ne a hannunta. Duk macen da ta taɓa kafa nono ta san iri, wato ɗan ragowar na jiya da ake zubawa a sabuwar madara. Nasu abin da ya bambanta shi, ƙwayoyi kala biyu ne kacal a ciki, sanannu, babu baƙo ko ɗaya. Makonni ta yi tana rainonsa a kwalba mai murfi, ba ta buɗewa sai a gefen harshen wuta, ba ta magana in tana kansa.

Dakta Kubura ta tsaya gaban mataccen firjin, hannu a ƙugu. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, amma injiniyoyi masu gemu kan nutsu in ta shigo.

"Irin nan sanyi yake so zuwa Litinin," in ji ta. "Wanda ke da firji mai aiki ya tafi da nasa. Amma ku ji ni da kyau. Kwalbar da aka buɗe a wajen ɗakin nan ta mutu. Ba ruwana da kyawunta, ba ruwana da ƙamshinta."

"Akwai firjin sola a gidanmu, Dakta," Zinariya ta ce, har da ɗan alfahari.

Ta naɗe murfin da salatif, ta rubuta KADA A BUƊE da jan biro, ta rungume kwalbar a cikin napep kamar jaririya. A gida ta ture ledojin zoɓo gefe ta ba ta wuri a can ƙurya, ta kuma ja wa mahaifiyarta, Inna Laraba, kunne.

"Inna, abin jarrabawata ne. Don Allah kar a taɓa."

"To wa zai sha miki? Mu da nono ya ishe mu," in ji Inna.

Mahaifinta, Malam Sada, yana zaure kamar kullum. Magidanta yake karantarwa, littattafan duk a haddace suke a kansa, don yanar ido ta daɗe da raba shi da takarda. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Zinariya, shi ya sa bakinsa bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Kuma a gidan nan babu ɗan da ya taɓa fita jarrabawa Malam bai yi wa kayansa tofi ba. Tun daga firamare, biro ne, fensir ne, katin shiga ne, sai an kai zaure ya karanta abin da zai karanta ya tofa. Ita kanta Zinariya ba ta taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba tare da shi ba, ba ta kuma taɓa son ta gwada ba. Abin mamaki, duk wayonta da karatunta, wannan bai faɗo mata a rai ba lokacin da take ture ledojin zoɓo.

Ranar Asabar ta tafi Mashi barkar haihuwa. Da la'asar ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi firji. Kwalbar tana nan inda ta bar ta. Sai dai salatif ɗin ya karkace, bakinsa ya naɗe, kuma a jikinsa ga shatin babban yatsa, ja wur, na zoɓo.

Ta juyo da sauri.

"Inna! Wa ya taɓa kwalbar nan?"

Inna Laraba tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam ne ya ce a kai masa abin jarrabawar. Ya yi miki tofi. Na mayar na liƙe tsaf."

"Ya buɗe ta?"

"To ta ina tofin zai shiga, ta jikin gilashi?"

"Inna, ba ki ga rubutu ba? Na ce kar a taɓa!"

"Ke, sassauta murya, yana jin ki. Ai ba sha muka yi ba, ba zubarwa muka yi ba. Ubanki ne fa, ba wani ƙazami ba. Mutane daga Zango suke zuwa da ruwa a jarka ya tofa musu, ke an kawo miki har gida kina zaro ido."

Zinariya ta zauna a bakin turmi. Ta ina za ta fara bayani? Daga zaure muryar Malam ta taso, cike da fara'a.

"Uwata, kin dawo? Wannan murfin naku ya ba ni wahala! Sai da na sa haƙori."

"Sannu, Baba," ta ce. "Allah ya saka da alheri." Ta ji muryarta kamar ta wata.

Lahadi ta wuni tana zarya tsakanin ɗaki da firji. Ta ɗaga kwalbar a hasken rana, ta karkata ta, ta leƙa gindinta. Fari tas, a daskare, babu kumfa, babu ruwa a sama. Da ma ya lalace a fili, da ta huta. Abin da ya hana ta sukuni shi ne abin da ta sani: ɗaya daga cikin ƙwayoyin kindirmo da wata ƙwaya da ke zaune a bakin kowane ɗan Adam 'yan gida ɗaya ne. A ƙarƙashin na'urar hangen ƙwayoyi, duka biyu jere suke kamar ƙwayar carbi, ko Dakta Kubura ba za ta raba su da ido ba. Tsamin irin ma zai iya danne duk baƙon da ya shiga. Wataƙila kindirmon ya kafu lafiya lau, a sha a yaba. Babu wanda zai sani, sai ita.

Ta sake naɗa sabon salatif, a miƙe, irin naɗinta. Tana gamawa kunya ta kama ta, ta rufe firjin da sauri kamar wani na kallonta.

Jafaru ya kira ta da hantsi.

"Malama Zinariya, ya amaryarmu? Tana shan sanyi?"

"Tana nan."

"To a kula mana da ita. Ni dai na gaya wa matata ta fara zaɓen labulen gidan haya a hanyar Zango. Kin ji muryarki kuwa? Ko zazzaɓin jarrabawa ne?"

"Shi ne," ta ce, ta kashe.

Abinci ya ƙi wuce mata. Inna ta dube ta ta taɓe baki, ta ce 'yan boko dai da neman abin damuwa, a yi maka addu'a ka kwanta ciwo. Malam kuwa ranar har da labari yake ba ɗalibansa cewa Uwata ta kusa zama ma'aikaciya, tana jiyo su suna cewa Allah ya tabbatar. Kowace amin sai ta ji ta har ranta. Tana son tsohon nan so mai tsanani, kuma a ranar ta ji haushinsa, ta kuma tsani kanta don ta ji.

Safiyar Litinin an gyara janareto, ɗakin gwaji ya ɗauki ƙugi. Makiyayan wajen Mashi sun kawo madara a bayan babura, an tace, an dafa a tankuna, Jafaru yana tsaye kan nasu yana jiran zafin ya sauko daidai. Dakta Kubura tana bi rukuni-rukuni, ta ɗiga irin kowa a gilashi ta leƙa a na'ura. Da ta zo kan na Zinariya sai ta daɗe. Zinariya ta ƙudura a ranta cewa in an gano, shi kenan, an ɗauke mata nauyi.

Dakta ta ɗago. "Ku zo ku gani," ta ce wa sauran. "Wannan shi ne iri. Haka ake raino."

Aka yi layi ana leƙawa ana gyaɗa kai. Jafaru ya daki ƙirji ya ce ai shi ya san da wadda aka haɗa shi. Ya dubi awon zafi, ya kunna wuta a bakin tankin, ya kwance ɗan murfin da ake zuba iri.

"Bismillah, Malama. Madara na jira."

Ta ɗauki kwalbar. Tazarar da ke tsakaninta da takardar shaida ba ta wuce karkata hannu ba. Ta dubi bakin tankin, ta tuna wannan kindirmon ne za a raba wa baƙi ranar bikin yaye ɗalibai. Ta tuna a kamfani ba baƙi ba ne za su sha, yaran mutane ne, kuma can ma wata rana za a sami kwalbar da aka buɗe wadda babu wanda ya gani sai ita.

"Malama, zafi na sauka," in ji Jafaru.

Ta ajiye kwalbar a kan tebur.

"Dakta, an buɗe ta. A gida."

Jafaru ya saki baki. Dakta Kubura ta cire tabarau a hankali.

"Wa ya buɗe?"

Zinariya ta dubi kwalbar.

"Ki fahimci tambayata," in ji Dakta. "In wani ne ya buɗe ba da saninki ba, tsautsayi ne, kuma ni na ce ku tafi da su gida. Zan ba ki wata rana ki sake. In kuwa ke ce, bayan duk abin da na koya muku, ba zan sa hannu in ce a ba ki tankin mutane ba. Wa ya buɗe?"

Amsar tana kan harshenta, gajeriya, kuma gaskiya. Amma ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, samari masu waya a aljihu, ta ga yadda abin zai kasance. Za a danne dariya a nan, a sake ta a waje. Kafin magariba labari ya zaga Daura: malamin nan na zaure ya tofa wa kimiyya miyau. Za a ba da shi a shagon shayi, a ƙara masa gishiri, a kwaikwayi yadda makaho ya sa haƙori a murfi. Mutumin da manya ke cire takalmi tun daga bakin ƙofarsa.

"Ni ce," ta ce. "Na so in sunsuna in ji ko ya yi."

Dakta ta dube ta, kallon da ya fi zagi ciwo, don babu fushi a cikinsa sai takaici. "Ke, Zinariya?" Ta mayar da tabarau. "Jafaru, karɓi ragowar irin rukunin can kafin madararka ta huce. Ke kuma juye wannan a tukunyar turara mai kashe ƙwayoyi, ki wanke kwalbar, ki aje farar rigar aikin."

Ta yi duk yadda aka ce. Babu wanda ya yi mata magana, kuma ta gode da hakan.

Da azahar ta isa gida. Ta yi niyyar wucewa sumul, amma Malam ya san takun kowa a gidansa.

"Uwata, da wuri haka? An dace?"

"Sai dai a hankali, Baba," ta ce, ta shige.

A ɗakin Inna kukan ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, tana yi tana roƙon kar a gaya masa. Inna Laraba ta saurara, fuskarta ta sauya, tsiwar nan duk ta zube. Ta daɗe tana murza gefen zaninta. Sai ta miƙe.

"Inna, don Allah!"

"Ban taɓa ɓoye wa Malam abu ba, ba kuma a kan wannan zan fara ba. Da hannuna na kai masa."

Ba a jima ba aka kira ta zaure. Ta durƙusa nesa kaɗan. Malam yana zaune a kan buzu, carbinsa a ƙasa, abin da ba ta saba gani ba.

"Yi mini bayani," ya ce. "A hankali, yadda zan gane. Ni ma ɗalibi ne."

Ta yi masa. Ta ce akwai halittu ƙanana a bakin kowa, mai tsafta da marar tsafta, sarki da talaka, suna fita da miyau, har da numfashi. Ta ce irin nan gona ce da aka share aka shuka abu biyu, duk abin da ya faɗa ciki tsirowa yake. Yana ji yana gyaɗa kai, kamar yadda yake yi in ɗalibi ya kawo mas'ala mai wuya.

"Ko da ayar Allah ce ta rako shi?"

"Ayar ba ta da laifi, Baba. Miyau ne dai miyau."

Duk shekarun da ya yi yana tofa wa mutane ruwa, ta san su yake dubawa, kuma ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Da malamar taku ta tambaya, wa kika ce ya buɗe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Uwata."

"Na ce ni ce."

"Ashe ƙarya kika yi."

"Baba, dariya za su yi maka. Ba ka san su ba. Wallahi gara takardar ta tafi."

"Ni na ɓata miki abu, sannan ki ɗauki ƙarya ki ɗora a kai don a ci gaba da cire mini takalmi?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Laraba, miƙo mini sandata da rawani. Ke kuma tsayar mana da napep."

Ta roƙe shi a zaure, ta roƙe shi a hanya. Hannunsa ɗaya na kan sanda, ɗayan ya riƙe ƙarfen napep, fuskarsa na fuskantar gaba. Ita kuwa sai addu'a take Allah ya sa an tashi daga cibiyar.

Ba a tashi ba. Duk suna nan suna gadin tankunansu, ƙofar ɗakin gwaji a buɗe saboda zafi. Ta riƙo hannun rigarsa suka bi baranda, ɗalibai suna leƙowa, wasu suka fara gaishe shi don sun san shi. Dakta Kubura ta fito bakin ƙofa, ta dubi Zinariya, ta dubi tsohon, ta rusuna.

"Allah ya gafarta Malam. Bismillah, a kawo kujera, a shigo daga rana."

Malam Sada ya ja ya tsaya tun kafin dokin ƙofa. Ya lalubi jelar rawaninsa, ya ja ta ya rufe bakinsa da hancinsa, ya danne da tafin hannu. Ta cikin ƙyallen maganarsa ta fito, a dushe, amma kowa ya ji.

"Malama, ni ne mahaifin yarinyar nan. Ni na buɗe kwalbar, ba ta gida. Tofi na yi mata a ciki."

Babu wanda ya yi dariya. Jafaru ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Dakta Kubura ta buɗe baki za ta yi magana, sai Malam ya ɗan ja da baya, ya juyo wajen da yake jin 'yarsa, hannunsa har yanzu a kan bakinsa.

"Uwata," ya ce a hankali, "nan da nake tsaye, numfashina ba zai kai musu ciki ba ko?"